Albasar Ɓatan Hanya

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa, amma ranar da na ɗauki kakata a mota daga Rabah za mu Goronyo, ita kam ko na tsufa har na manta sunan unguwarmu, ba zan manta da ita ba. Har gobe in na shiga kasuwa warin ɗanyar albasa ya bugi hancina, sai in ji dariya ta taso mini, a ƙarƙashinta kuma akwai wata 'yar kunya da har yanzu ba ta gama sakina ba.

A lokacin ban fi wata guda da sayen mota ba. Tsohuwa ce, ta sha hannu kafin ta iso gare ni, amma a idona duk ƙasar Sakkwato babu irinta. Malamin makaranta ne ni, na yi shekaru rana tana gasa ni a kan babur, don haka da Allah ya ba ni abu mai rufi sai kaina ya ɗan juye. Kullum da safe sai na wanke ta, ko da jiya ba ta je ko'ina ba. Na kuma sa tela ya ɗinka wa kujerun riguna farare fat. Yau in na tuna nakan tambayi kaina wane irin mutum ne zai sa wa kujerar mota farar riga a garin manoma, amma a lokacin gani nake ni kaɗai ne na waye.

Kakar tawa ta wajen uwa ce, kuma tun ina ƙarami muke wasan jika da kaka da ita. Ita ta kira ni ango, ni in kira ta amarya, ta ce na cika rowa ban taɓa saya mata ko ɗan kunne ba, in ce ai haƙoranta nake jira su sake fitowa. Mijinta, marigayi kakana, manomin albasa ne da aka sani. Yana da wani iri nasa na kansa da ya daɗe yana zaɓe, albasa ce ja wur mai siririn wuya, wadda ake zubawa a rudu, wato rumbun karan da ake ajiyar albasa, ta kai har damina ta wuce ba ta ruɓe ba. Da ya rasu, irin ya koma hannunta. A cikin wata 'yar gora take ajiye shi, gauraye da toka, a rataye saman gadonta. Kuma ba ta ba kowa. Babana da kansa, surukinta, ya taɓa roƙonta ɗan kaɗan, ta girgiza masa gorar tana cewa babu komai a ciki, alhali kowa yana jin irin yana kacau-kacau.

To sai ambaliya ta zo shekara biyu a jere, ta binne fadamarta da yashi. Irin albasa kuwa ba ya son daɗewa a ajiye, in ya kwana biyu sai ya ƙi tsira. Da ta ga haka, ta juye duk abin da ke cikin gorar a wani ɗan fili a bayan ɗakinta, ta yi ta bin sa da buta safe da yamma. Abin da ya tsira ba shi da yawa, kuma shi ke nan, babu wani a duniya. Ɗanta, Kawuna, yana da gona a ƙarƙashin madatsar ruwa ta Goronyo, wato dam, aka shirya can za a kai dashen. Ni kuma da nake neman inda zan je da mota ko ba dalili, na ce kada wanda ya wahalar da amaryata a motar haya.

Wanda bai san noman dam ba, ga yadda yake. Ruwan ba kamar na rijiya ba ne da za ka ɗiba sa'ad da ka so. Bi da bi ake ba da shi, kowane ɓangaren gonaki da ranarsa. Da safe a ɗaga ƙofar ƙarfe ruwa ya bi kanal ya shiga gonakinku, da la'asar a sauke ta, sai kuma kusan mako ya zagayo. Dashe kuwa sai a jiƙaƙƙen fangali ake kafa shi, wato ɗan filin da aka kewaye da kunya don ya riƙe ruwa. Ranar da muka sa ita ce ranar ruwan su Kawu. Shi ya sa da ya kira ni a waya bai yi doguwar magana ba, ya ce in biyo kwalta, kada in tsaya ko'ina, in iso kafin azahar. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ai ba jaki zan hau ba.

Da aka idar da sallar asuba ta tuge dashen da hannunta, ta ɗaure shi dami-dami ƙanana, ta naɗe a jiƙaƙƙen buhu. Ta fito da shi a rungume, ga butarta cike da ruwa, ta nufi kujerar baya. Ina ganin laka tana ɗiga daga buhun na sha gabanta.

Ta dube ni ta ce, "Kai ango, abin ga rai garai awa ni da kai. Bar min shi nan gehena in riƙa yayyahwa mai ruwa."

Na ce mata ai Turawan da suka ƙera motar sun yi wa kaya ɗakinsu daban a baya, but ake ce masa, kuma iska tana shiga ta ƙasa, ya ma fi cikin motar sanyi. Wallahi ban san komai game da iskar but ba, kujeruna kawai nake ji. Ta ce tunda ni ne mai boko, to. Na sa buhun a but na rufe da ƙarfi, har da kaɗe hannu.

Ba mu bi babbar hanya ba tun daga farko, na ce bari mu yanke ta ƙauyuka mu ɓulla Wurno. Farkon sanyi ne, an gama girbi, ko'ina damman gero da dawa a jingine, shanu sun bazu cikin kara suna kiwo. Kakata ta yi shekaru ba ta fita Rabah ba, sai ga ta ta koma yarinya. Ta sa na sauke mata gilashi, ta fito da gwiwar hannu waje kamar yadda ta ga direbobi suna yi. Duk ƙauyen da muka shiga sai ta ce in danna oda, wai tana da 'yar'uwa a nan da aka aurar tun zamanin da, ƙila tana da rai ta leƙo ta gan ta. Ni kuma abin nema ya samu, na yi ta dannawa, kaji suna watsewa, mu muna ƙyalƙyala dariya. Ta ce ashe auren nan namu zai yi daɗi, da har ta fara tunanin kai ni ƙara wurin alƙali.

Da muka hango tafkin da ke kusa da Wurno sai na rage gudu ba tare da an ce mini ba. Ruwa ne shimfiɗe iya ganinka, gefensa duk bado ya yi furanni, balbelu sun yi fari a kan itatuwa. Masunta suna kwance rub da ciki a kan manyan goruna suna yawo a kan ruwan, wasu kuma a kwalekwale suna jefa birgi, ragarsu ta kamun kifi. Ta ce in tsaya. Na tuna mata maganar Kawu, ta ce ita ta haife shi ko shi ya haife ta? Muka tsaya.

A bakin tafkin akwai mata masu suyar kifi. Muka zauna a kan wani kututture da karfasa mai zafi da yaji a takarda, tana ci da dasashi tana ba ni labari. Ashe nan kakana ya taɓa kawo ta tana amarya, a kan jaki, jakin ya ga ruwa ya ƙi gaba ya ƙi baya, sai da ta sauka ta ja shi da kanta shi kuma angon yana turawa. Ban taɓa jin ta yi maganarsa tana dariya ba sai ran nan, kuma na ji daɗi har cikin raina da ni ne na kawo ta. Daga nan muka taka zuwa inda ake sakin ruwa cikin babban kanal. Wani mutum yana tsaye a kan ƙofar yana murɗa wani ƙaton ƙarfe mai kama da sitiyari, ƙofar tana ɗagawa a hankali, ruwa yana tunkuɗowa ta ƙasa da ƙugi har kana ji a ƙafafunka. Ta kalle shi ta kalle ni, ta ce sitiyarin wancan ya fi nawa amfani, shi in ya murɗa mutane ke cin abinci, ni kuwa kaji kawai nake kora.

Kafin mu tashi ta sa na buɗe but. Dashen yana nan kore shar, na ma yi mata gori. Ta juye masa rabin buta, na mayar da murfi na rufe. Rana kuwa ta fara ɗagawa. Sai daga baya na gane cewa a lokacin nan tukunya muka haɗa: ga ganye, ga ruwa, ga murfi, wuta kawai ake jira.

Mun hau kwalta kamar mutanen kirki, muka miƙa. Da a ce mun ci gaba a haka, da babu labarin da zan ba ku. Amma da muka kusa Goronyo sai ƙasa ta canza. Hagu da mu kore ne har inda ido ya tsaya, ga wani kanal ya ratsa tsakiya yana ƙyalli, a kan gaɓarsa kuma ga hanya lafiyayya wadda mota za ta iya bi. Kakata ta taɓa kafaɗata ta ce me zai sa mu bi baƙar hanya mai zafi alhali ga ruwa? Ta ce ai lissafin a fili yake: duk ruwan nan daga dam yake fitowa, gonar Kawu kuma kusa da dam take, in muka bi gaɓa muna fuskantar inda ruwa yake fitowa, dole ya kai mu. Ya kamata in faɗa muku darasin da nake koyarwa a makaranta. Labarin ƙasa ne. Na juya maganarta a kaina ban ga inda ta ɓaci ba, har na yaba mata, na karya kan mota muka sauka.

Ba zan yi ƙarya ba, ban taɓa bin hanya mai daɗin wannan ba. Dama da mu ruwa yana tafiya a natse, hagu da mu gonaki kala-kala, nan alkama ta fara fitowa, can tumatir, can albasa layi-layi. Ƙananan gadoji, ƙananan ƙofofin ƙarfe, kowace da ɗan kanal ɗinta da ya ɓalle ya shige gonaki. Iska mai sanyi tana shigowa da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wani raƙumi ya tsaya mana a hanya ya ƙare mana kallo kafin ya ga dama ya kauce. Kakata ta kama wata tsohuwar waƙar niƙa, ni ina yi mata amshi da oda. A wata kwalbati muka yi alwala da ruwan kanal muka yi azahar, na duba agogo na ce mun ɗan makara amma ba komai, yanzu za mu isa.

Gaba kaɗan ruwan ya rabu biyu. Muka tsaya muka yi shawara irin ta masana, muka zaɓi wanda ya fi faɗi, muka jefa ganye muka ga inda ya nufa, muka fuskanci inda ya fito. Abin da ba mu sani ba, ni da amaryata, shi ne ba kowane ruwa a wurin nan ne yake zuwa daga dam ba. Akwai magudanar da aikinta shi ne kwashe ragowar ruwan da gonaki suka sha suka bari, ta mayar da shi gulbi. Ita a ƙarshenta take da faɗi. In ka bi ta kana neman inda ta fito, ba dam za ta kai ka ba, tsakiyar gonar wani za ta kai ka. Ita muka bi.

Ruwan ya yi ta ƙanƙancewa, hanyar ma haka. Kakata ta ce alamar mun kusa ke nan. Ciyawa ta fara shafar motar ta kowane gefe, waƙa ta tsaya. Can sai ga mu a inda hanya ta ƙare ƙurmus, gabanmu kunyar gona, dama rami, hagu laka, babu wurin juyawa. Na ce ba komai, baya zan yi. Ni kuwa a wata gudan nan gaba kawai na ƙware. Ban yi taku goma ba ƙafar baya ta zame daga gaɓa ta nutse cikin laka, motar ta karkace ta zauna. Na taka mai, ta yi ta fesa taɓo tana ƙara nutsewa.

Na kira Kawu. Ya ce ina muke? Na duba na ce kusa da wata giginya, kuma akwai ruwa a gefenmu. Ya ce duk ƙasar nan giginya ce da ruwa. Ya ce shi ba zai iya barin gona ba ruwa yana gudu a fangalinsa, kuma ko ya bari bai san inda zai nufa ba. Ya tambayi dashen. Na ce yana lafiya, yana but. Ya ce, "But?" Sai ya kashe wayar.

Wani dattijo da ke aiki a gonar da muka kutsa ya ajiye fartanyarsa ya taho. Ya yi mana sallama, ya gaida kakata da ladabi, ya zagaya motar yana kallo, ya ce shi tun da yake noma a nan bai taɓa ganin mota ta zo wurin nan ba, ko babur sai gwani. Kakata ba ta saurare shi ba, ta ce in buɗe mata but.

Ina ɗaga murfin wani tururi ya bugi fuskata, mai warin miyar da ta kwana. Buhun da zafi kamar an sauke shi daga murhu. Ta warware shi da hannunta. Damman da ke sama sun yi ruwan ɗorawa, sun yi laushi, in ka taɓa sai su narke a yatsa. Ta durƙusa a nan bakin magudanar tana zarewa ɗaya bayan ɗaya, mai rai gefe, matacce gefe. Ba ta zage ni ba, ba ta ko dube ni ba. Da ta zage ni da na fi jin sauƙi. Na tsaya a kanta da makullin mota a hannu, ina jin kunyar da ban taɓa ji ba, don na san saboda farar rigar kujera na dafa abin da kakana ya bari. Abin da ya tsira daga can ƙasan buhun bai fi a riƙe da hannu biyu ba. Ta tsoma saiwoyinsa cikin ruwa ta danne da dutse.

Dattijon ya tsuguna ya duba, ya ce waɗannan za su yi, amma sai in sun shiga ƙasa yau, sun riga sun sha wuya ba za su kai gobe ba. Da na kwatanta masa inda gonar Kawu take, ya ce tana hayin babban kanal, sai an zagaya ta gada, a ƙafa ba za a isa ba sai bayan la'asar sosai. Masu babura kuma duk sun tafi cin kasuwa. Muna cikin haka waya ta yi ƙara, Kawu ne, ya ce an sauke ƙofa, ruwansu ya ɗauke, ƙasarsa kuma mai yashi ce, kafin mu iso ta tsotse.

Sai dattijon ya nuna bayansa. Ya ce shi gonarsa a wutsiyar kanal take, ruwa yakan iso masa a ƙarshe, kuma shi yake bari a ƙarshe. Ga fangali uku can ya gyara ya cika da ruwa, dashensa ya ƙare bai kai su ba.

Ya ce, "Inna, ba roƙo nikai ba. Ga wuri nan da ruwa, in kin yarda."

Na san kakata, don haka na sunkuyar da kai ina jiran ta girgiza masa gora. Ta daɗe tana kallon fangalin. Sannan ta shiga yi masa tambayoyi kamar mai neman aure ya zo gidanta: yana da rudu? In albasa ta yi tsada yakan kwashe duka ya kai kasuwa, ko yakan bar na iri? Ya san yadda ake zaɓen uwar da za a sake binnewa ta yi fure? Ya amsa mata ɗaya bayan ɗaya, bai yi fushi ba. Ta ciro dashen daga ruwa ta riƙe a ƙirjinta.

Ta ce, "Shekara da shekaru ina ɓoyon abin ga. Surukina ma na hana mai. Yau ga shi jikana ya dahwa min shi cikin ƙarhe, wanda yar rage kau sai gonar wanda ban san ko sunanai ba." Ta miƙa masa. "Amshi. Wagga amana ta, ba kyauta ta ba."

Ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Allah shi ba ni ikon riƙewa, Inna."

Mu uku muka dasa shi. Ta ce tunda ni na yi ɓarnar, ni zan fi kowa duƙawa. Na naɗe farar shaddata na shiga laka har idon sawu, tana tsaye a kan kunya tana ba da umarni: a datse kan ganyen, a bar tazarar yatsa huɗu, a danna da babban yatsa kada a binne wuya. Duk wanda na kafa a karkace sai ta sa na cire. Tana yi tana karanta wa dattijon sharuɗɗa, har da cewa kada ya bar ta ta yi fure kusa da wata albasa, ƙudan zuma za su gauraya masa iri. Da muka kafa na ƙarshe muka yi la'asar a bakin gonar, na ji ta daɗe tana addu'a.

Saura mota. Dattijon ya tafi ya dawo da bijimai biyu na huɗa da igiya mai kauri, ya ɗaura a bayan motar. Ya ce tunda ba wurin juyawa, da baya za a ja ta har inda hanya ta buɗe, ni in zauna in riƙe sitiyari kawai. Kakata ta buɗe ƙofar baya ta shiga, ta miƙe ƙafafunta biyu da suka sha taɓo a kan farar kujera, ta goga su da kyau tana kallona ta madubi. Na riƙe sitiyarina. Bijimai suka ja, mota ta fito daga laka, muka kama tafiya da baya-baya a hankali. Manoma suka bar aiki suka hau kunya suna kallo, wasu har da riƙe ciki. Ita kuwa ta fito da hannu ta taga tana ɗaga musu. Ta ce da jaki aka kai ta ɗakin mijinta na fari, ga na biyu ya ci gaba, shanu ne ke jan ta. Na yi ƙoƙari in daure, amma dariya ta ƙwace mini har hawaye, ita ma haka, muna yi muna share ido, kuma ba duka hawayen ne na dariya ba.

Mun isa gidan Kawu rana tana shirin faɗuwa. Ya dubi motar, ya dubi shaddata, ya dubi hannun mahaifiyarsa babu komai. Abin da ya ce mini kawai shi ne, "Sannu, malamin labarin ƙasa." Sai a nan muka tuna ba mu karɓi lambar dattijon ba, ba mu tambayi sunansa ko na ƙauyensu ba. Daga baya sau biyu ina komawa neman gonar, a kan babur wannan karon, in yi ta zagaye tsakanin giginya da ruwa in dawo.

Albasa ba ta ba da iri a shekara guda. Sai ta yi kai, a ajiye, a sake binnewa wata shekara ta yi fure. Shekara biyu ke nan, kuma a cikinsu kakata ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Wasanmu ya ci gaba, amma duk lokacin da na shiga ɗakinta sai idona ya kai kan gorar nan a rataye, wadda yanzu da gaske babu komai a cikinta. Ni na riga na fid da rai. Na ce a zuciyata mutumin da albasa ta yi tsada a hannunsa, wa zai tuna da wata tsohuwa da ya gani sau ɗaya?

Wata ranar Juma'a da hantsi aka yi sallama a ƙofar gida. Na fita na ga dattijon a kan babur ɗin haya, da buhu a ɗaure a baya. Ya ce shi ma bai san sunanmu ba, Rabah kawai ya ji mun ambata. Da ya sauka a tasha ya ce yana neman tsohuwar da shanu suka ja motar jikanta, mutum uku suka nuna masa gidan a lokaci guda. Ashe labarin ya riga shi isowa, kuma na san bakin da ya yaɗa shi, bai wuce na amaryata ba.

Ya durƙusa gabanta ya kwance buhun, albasa ta gangaro ja wur, mai siririn wuya. Sannan ya zaro wata 'yar gora daga aljihu, bakinta a toshe da tsumma, ya ajiye a hannunta. Ta girgiza ta kusa da kunnenta, muka ji kacau-kacau. Ta zuba kaɗan a tafin hannu, baƙin iri gauraye da toka, ta shinshina, ta daɗe ba ta ɗago ba. Ya ce mata ya bi sharuɗɗanta duka, amma akwai laifi ɗaya da ya zo ya faɗa da bakinsa. Maƙwabtansa na gona sun ga yadda albasar ta kai damina a rudu ba ta ruɓe ba, suka dame shi, ya ɗan ɗiba wa mutum biyu.

Na zuba mata ido. Ta share fuska da gefen mayafi ta ce, "Biyu ɗai? Ƙara musu. Da ni ɗai ar riƙe da shi, da yanzu babu shi." Ta juyo gare ni. "Ango, kira min babanka. Ka ce shi taho da abin zubawa."

Kakata ta rasu bayan wasu shekaru, Allah ya jiƙanta. Motar ma na daɗe da rabuwa da ita, kuma har na sayar ban wanke tabon ƙafafun nan ya fita duka ba, don ban yi ƙoƙari sosai ba. Irin kuwa yana nan a gonar Kawu, da ta babana, da gonakin mutanen da ban taɓa gani ba. A wajen dattijon na ji cewa manoman can sun sa mata suna, albasar ɓatan hanya suke ce mata.

Na koyi kada in ƙara fifita tsabtar kujera a kan maganar wanda ya san abu, na kuma koyi tambayar hanya duk da darasin da nake koyarwa. Amma babban abin da ranar nan ta bar mini shi ne abin da na ga kakata ta gane a bakin magudana, da dashe a ƙirjinta. Abin da kake ƙauna, in a hannunka kaɗai yake, wauta ɗaya ta jika ɗaya ta isa ta ƙarar da shi. Gorar tana ɗakina yanzu, a rataye, kuma duk wanda ya zo nema ina zuba masa.